Yatsun Mis Odella

Wasiƙar ofishin gwamnati mai kula da gidajen renon yara ta iso a farkon watan Agusta, cikin irin zafin da ko kare ba ya yarda ya fito daga ƙarƙashin baranda. Mis Odella Tubbs ta buɗe ta a tsaye, jaririya Nyla na saɓe a kafaɗarta, wasu yara biyar na jan gefen rigarta suna neman ruwan sanyi. Ta karanta sau ɗaya, ba ta gane kanta ba, ta ninke ta cusa a aljihu. Sai da ta kwantar da su barcin rana sannan ta fita baranda ta miƙa wa mijinta Roscoe, wanda yake zaune a kujerar da ya shekara goma yana ɗumamawa tun da ya ajiye tuƙin tarakta a gonakin auduga.

"Karanta mini, Tubbs. Wai me suke so kuma?"

Roscoe ya ɗora tabarau a kan hanci, ya bi layukan da yatsa.

"Cewa suka yi sai an duba ko ke ɓarauniya ce."

"Kai fa?"

"Har da ni. Duk wani baligi da ke kwana a gidan nan. A ɗauki zanen yatsunmu a aika can, a bincika ko mun taɓa aikata laifi. Dala hamsin da takwas kowane kai. Da su suke biya, yanzu sun ce mai gidan reno ya biya da kansa. In talatin ga Satumba ta wuce ba a tantance mu ba, lasisi ya tsaya, tallafi ya tsaya."

"Ai mun yi wannan abin shekara biyar da suka wuce."

"Wancan na tawada ne, Della. Wannan na na'ura ne. Kuma sai an je Greenville."

Mu da muke garin nan mun san abin da kalmar tallafi take nufi a gidan Odella. Duk iyayen yaran shida a kamfanin fere tarwaɗa suke aiki, suna tsaye cikin sanyi da ƙarni tun shida na safe, kuma babu wadda albashinta zai ɗauki kuɗin reno. Gwamnati ke biyan Odella kan kowane yaro, kuɗin da in an sayi madara da famfas da sabulu an biya wuta, abin da zai saura bai taka kara ya karya ba. In wannan kuɗi ya tsaya, gidan ya rufe, iyayen kuma babu inda za su kai yaran. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki. Rabin samarin da ke yawo da motoci a titinmu, ita ta koya musu riƙe cokali.

Ba ta yi fushi da binciken ba, kada a yi mata ƙarya. Ita da kanta takan ce duk wanda za a damƙa wa ɗan wani, a duba shi ciki da bai. Odella mace ce mai bin doka har ya zama ciwo. Takardar da masu duba gidajen reno suka manna mata a bangon kicin ta ce a wanke hannu bayan kowane famfas, kafin kowane abinci, bayan kowace majina, sannan a tsoma kayan wasa da tebura a ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta kullum. Wasu sukan bi takardar nan ranar da mai duba zai zo. Ita kullum ta Allah take bi. Akwai wata taga mai faɗi a ɗakin gaba, ƙasa-ƙasa, inda yaran suke jeruwa da ƙarfe biyar suna manna tafin hannu da hanci suna jiran motocin iyayensu. Ko wannan gilashin ba ya kwana da dauɗa, yaro na ƙarshe na fita take bin sa da tsumma.

Wurin ɗaukar yatsun ba ya buɗewa Asabar, don haka sai da ta rufe gidan ranar Laraba, ranar da ba za a biya ta ko sisi ba. Iyaye suka rarraba yara wajen kakanni da maƙwabta. Sharonda, uwar Nyla, ba ta da kowa a garin, sai wata tsohuwa daga cocinsu ta taimaka ta riƙe mata. Roscoe ya tuƙa tsohuwar motarsu mil arba'in, Odella na gefe da jakarta a cinya, cikin jakar akwai dala ɗari da goma sha shida da ta tsame daga kuɗin wuta.

Wurin ba wani ofishi ba ne, wani lungu ne a bayan shagon aika kaya, da tebur da kwamfuta da wani ɗan akwati mai gilashi a sama. Matar da ke zaune bayan teburin ta ɗago kai, sai ta ƙwalla ƙara ta taso.

"Mis Odella! Ya Yesu, Mis Odella ce!"

Latrice ce. An kawo wa Odella ita tana da mako shida a duniya, ba ta bar gidan ba sai da ta shiga makaranta. Yanzu ga ta mace mai shekara ashirin da biyar, da dogayen farce masu launin ja.

"Ke 'yar nan, waɗannan faratan da me kike cin abinci?"

"Haba Mis Odella, daga zuwa?"

"Ni na koya miki zaman fo, ina da ikon tambaya."

Aka fara da Roscoe. Ya ɗora yatsunsa a gilashin yana hura hanci, na'urar ta kawo kore, ta kawo kore, har goma suka cika. Zanen ya fito a fuskar kwamfuta raɗau, layi-layi.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Hannun mutumin kirki."

"Hannun mutumin da rabonsa da taɓa ruwan wanke-wanke tun ranar ɗaurin aurenmu," in ji Odella. "Matsa."

Ta ɗora babban yatsanta. Na'urar ta yi ɗan jim, ta kawo ja. Latrice ta goge gilashin, ta kama yatsan ta mirgina a hankali. Ja. Ta fesa masa ruwa, ja. Ta shafa masa wani mai, ja. Abin da ke fitowa a kwamfutar wani dunƙulen toka-toka ne kawai, da tsage-tsage masu fari a tsakiya. Latrice ta juya tafin hannun tsohuwar zuwa haske ta duba. Kan yatsun sumul suke, suna sheƙi kamar bayan cokali.

"Mis Odella, babu zane a yatsunki."

"Kamar yaya babu? Da su aka haife ni."

"Sun cinye. Bilic ne da ruwan zafi. Ina ganin irin haka wajen masu aikin asibiti da masu wanki, amma ban taɓa ganin kamar naki ba."

Suka yi ta gwadawa har mutanen da ke layi suka fara tsaki. A ƙarshe Latrice ta zaɓi waɗanda suka ɗan fi dama ta aika, ta ce a yi addu'a. Kwana goma sha biyu bayan nan wasiƙa biyu suka zo rana ɗaya. Ta Roscoe ta ce an tantance shi, ba shi da laifi, Roscoe ɗin da duk garin nan ya san irin tashen da ya yi da ƙuruciya. Ta Odella ta ce zanen bai karantu ba, ta sake zuwa, ta sake biya.

Labari ya kai coci, kowace mace ta kawo nata maganin. Wannan ta ce ta jiƙa hannu a madara, waccan ta ce man da ake shafa wa hantsar saniya, wata ta ce ta riƙe ƙanƙara kafin ta shiga. Odella ta yi duka. Ta sake rufe gida, suka sake ƙona mai zuwa Greenville, ta sake ajiye hamsin da takwas a teburin Latrice, na'urar ta sake kawo ja sau goma. Ranar sha ɗaya ga Satumba wasiƙar ƙi ta biyu ta zo.

A ranar ne ta kira lambar da ke ƙasan takardar. Ta riƙe waya da kafaɗa kusan minti arba'in tana jin kiɗa, tana canza wa Nyla famfas, tana raba faɗa a kan wata motar roba, kafin wata murya ta ɗauka.

"Baiwar Allah," in ji Odella, "shekara ashirin da shida sunana yana cikin takardunku. Ku duba da sunan mana."

"Ana iya dubawa da suna, amma sai an ƙi yatsun sau uku."

"An ƙi sau biyu."

"To saura ɗaya."

"Wato in sake biya don a sake ƙi na?"

"Ƙa'idar ke nan, Misis Tubbs. Bayan na ukun sai a sa ki a layin duba suna. Yakan ɗauki mako shida zuwa takwas."

"Talatin ga wata fa?"

"Ranar tana nan yadda take. In ta wuce, ba za ki riƙe yaro ko ɗaya ba sai an tantance ki."

Matar ba ta da mugun nufi, daga jin muryarta ita ma a gajiye take. Wannan ne ma ya fi ƙona wa Odella rai, babu wanda za ta zaga. Ta ajiye wayar ta tsaya tana kallon hannuwanta. Hanya ɗaya ta rage, ita ce na ukun ya karantu.

Da yamma Latrice ta kira ta da wayarta ta kanta.

"Mis Odella, na tambayi wata da ta daɗe a aikin nan. Ta ce zanen yakan ɗan dawo in an huta. Kwana goma, kada hannunki ya taɓa bilic, kada ya taɓa ruwan zafi. Ki shafa basilin safe da yamma, ki sa safar hannu. Na ajiye miki ranar ashirin ga wata."

"Kwana goma? Wa zai wanke fidar yara?"

"Ba ga Mista Roscoe ba? Ai an tantance shi."

Odella ta maimaita sunan da ƙarfi, Roscoe na ji daga baranda ya ce, "Me na yi kuma?"

Abin da ba a taɓa gani ba a garin nan, aka gan shi. Roscoe Tubbs ya ɗaura rigar girki mai furanni, ya tsaya gaban famfon kicin. Odella na bayansa da hannuwa cikin safar roba, ta ɗaga su sama kamar wadda aka yi wa lalle, tana ba da umarni.

"Cokali ɗaya na bilic, Tubbs, ba rabi ba. Ka sa buroshi har gindin fidar. Wannan ka wanke ko ka gaishe ta ne?"

"Della, na tuƙa tarakta shekara talatin babu wanda ya tsaya a kaina."

"Tarakta ba ta shan madara."

Ya fasa kofi biyu, ya ƙona burodin masara, ya taɓa zuba gishiri a shayin sanyi. Amma bai yi ƙorafi na gaske ba ko sau ɗaya. Ranar Asabar ya ɗauki sandunan kamun kifinsa guda uku, waɗanda ko jikokinsa ba ya bari su taɓa, ya fita da su, ya dawo babu su. Ya ajiye kuɗin da ya sayar da su a kan firij, ita kuma ba ta tambaya ba.

Nyla ce ta ƙi safar. Duk lokacin da roba ta taɓa jikinta sai ta banƙare ta tsala ihu, ta bi hannun da ido kamar ba ta san mai shi ba. Odella takan rungume ta da damtse tana cewa, "Ni ce, uwata, ni ce, kwana kaɗan ya rage." Wannan ya fi komai yi mata ciwo a kwanakin nan.

Rana ta takwas, bayan yara sun watse, ta cire safar ta je tagar ɗakin gaba. Gilashin cike yake da shatin ƙananan hannuwa. Ta shafi goshinta da babban yatsa don ya ɗebi maiƙo, ta danna shi a gilashin kusa da na Nyla, ta sunkuya ta duba ta gefen haske. Akwai layuka. Sirara ne, a yayyanke, amma akwai su.

"Tubbs! Zo ka gani!"

Ya zo ya sa tabarau ya daɗe yana leƙe.

"To, ashe dai ke mutum ce," in ji shi.

Ta kai masa duka a kafaɗa tana dariya, idonta na kawo ruwa. Rabonta da irin wannan dariya tun kafin wasiƙar farko.

Rana ta tara, Talata, da misalin ƙarfe tara na safe, ɗaya daga cikin yaran ya yi amai a kan tabarmar wasa. Kafin a gama kwashewa wata ta fara gudawa. Kafin sha ɗaya yara huɗu na kwance, ciwon cikin nan ne mai bin gida-gida da ke zuwa duk ƙarshen bazara. Odella na canza safa bayan kowane yaro, yadda takardar bango ta ce, kwalin da ya kamata ya kai ta Juma'a ya ƙare kafin azahar. Ta kira kamfanin tarwaɗa, aka ce ba a fito da mata daga layin aiki sai an tashi, sai dai uwar yaron da ya fi galabaita. Uwar ta zo a guje ba ta da mota, Roscoe ya kwashe su zuwa asibiti, mil ashirin. Shagon da ake sayar da safa yana can bakin babban titi, babu mai zuwa.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ita kaɗai da yara biyar. Amai a ƙasa, amai a kan kayan wasa, a kan ƙafar tebur. Nyla ce kaɗai da wani yaro ɗaya ciwon bai taɓa ba, Nyla kuma ita ce ƙaramar cikinsu, wata tara, irin waɗanda gudawar kwana ɗaya ke kaiwa gadon asibiti. Tana rarrafe, ta nufi wata ƙwallon roba da ke gefen ɓarnar, bakinta a buɗe.

Odella ta ɗauke ta ta sa a gadon jarirai. Ta gwada ɗaura ledar burodi a hannu, ledar ta yage a matsar farko. Ta dubi agogo, ta dubi titi, babu Roscoe. Ta san abin da take yi, kada wani ya ce mantuwa ce. Ta tara ruwan zafi a bokiti, ta zuba bilic mai ƙarfi irin wanda ake haɗawa ranar ciwo, ta tsoma hannuwanta duka biyu.

Ta wanke ƙasa, ta wanke tebura da kujeru, ta tsoma kowane abin wasa ɗaya bayan ɗaya, ta wanke marikin ƙofa da bakin gadaje. Tsakanin haka tana wanke yaro, ta wanke hannu, ta ba wani ruwan gishiri da sukari, ta wanke hannu. Da Roscoe ya dawo wajen ƙarfe huɗu da sabon kwalin safa a hammata, ya tarar da gida na ƙamshin bilic, yara na barci, matarsa na zaune a ƙasa Nyla na wasa da yatsunta. Yatsun sun yi fari fat, sun yamutse, biyu sun tsage.

"Della," in ji shi. Ya ajiye kwalin a hankali. "Awa uku kawai. Da kin jira ni."

"Da ta sa ƙwallon a baki."

Nyla ba ta kamu da ciwon ba, ko a ranar ko bayanta.

Washegari suka tafi Greenville. Latrice ta kama hannun ta juya, ba ta ma kunna na'urar ba tukuna.

"Mis Odella, me kika yi?"

"Aikina na yi. Ɗauka."

"In sake miki rana? Akwai gurbi ranar biyu ga Oktoba."

"Biyu ga Oktoba ya yi mini amfanin me? Ɗauka a ƙi ni, in shiga layin suna."

Ta ƙirgo kuɗin sandunan Roscoe ta ajiye. Latrice ta riƙa mirgina yatsun ɗaya bayan ɗaya, na'urar na kawo ja, hawaye na ɗiga daga haɓarta zuwa kan tebur.

"Wallahi da akwai inda zan rubuta cewa na san ki, da na rubuta. Ni shaida ce. Babu gurbin a takardar, Mis Odella. Na duba, babu."

"Share fuskarki, mutane na kallo. Kuma ki rage faratan nan."

Talatin ga Satumba ta faɗo ranar Asabar, don haka Juma'a ce ranar ƙarshe. Odella ta soya musu tarwaɗa da fate-faten masara, ta yi wa kowane yaro ƙullin kayansa. Ƙarfe biyar suka jeru a taga yadda suka saba. Iyaye suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowace na cewa ai na ɗan lokaci ne, kowace na kauce wa idonta. Sharonda ce ta ƙarshe, da takalman roba na kamfani a ƙafarta, tana warin kifi.

"Ki kawo ta Litinin ta ƙofar baya," in ji Odella ƙasa-ƙasa. Wannan ne karo na farko a shekara ashirin da shida da ta nemi karya doka. "Ba na son ko sisi. Wa zai sani?"

"Mis Odella, matar ofishin tallafi ta kira mu duka. Ta ce in aka sami yaro a nan kafin a tantance ki, ke an soke ki har abada, mu kuma a cire mu daga tallafin. Ba zan ja miki ba."

"To wa zai riƙe ta?"

"Akwai wata a layinmu, ƙanwar saurayin maƙwabciyata. Ta ce dala goma a rana."

"Kin san ta?"

"Na taɓa ganinta."

"An duba yatsunta?"

Sharonda ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta karɓi yarinyar. Nyla ta miƙo hannu ta kama kwalar rigar Odella, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Motar ta ja, Odella na tsaye a baranda har ƙurarta ta kwanta. Ta koma ciki ta ɗauki tsumma don goge taga, ta tsaya a gaban gilashin, ta mayar da tsumman inda yake.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Uwa biyu suka sami gurbi a wani gidan reno mai nisan mil talatin, suna tashi ƙarfe huɗu su kai yara. Ɗaya ta bar aiki. Sharonda ta yi mako biyu tana kai Nyla wajen waccan yarinyar, har ranar da ta dawo ta tarar da ita da famfas ɗin safe, cinyoyinta sun saɓule, mai renon na barci da waya a ƙirji. Ta yi fashin kwana uku tana neman wani wuri, kamfani ya sallame ta. Ƙarshen Oktoba ta loda kayanta a bayan motar wani ta tafi Memphis wajen gwaggonta. Ta biyo ta yi sallama, amma Nyla na barci a kujerar baya, Odella ta ce kada a tashe ta.

Gidan ya yi shiru irin wanda ba shi da daɗi. Odella na tashi ƙarfe biyar kamar kullum, ta dafa abin da mutum biyu ba za su iya cinyewa ba, ta zauna. Babu famfas, babu bilic, kwanon wanke-wanke bai wuce faranti biyu ba, su ma Roscoe ya riga ya saba, shi yake wankewa. Ta daina zuwa taron mata na coci saboda ta gaji da jin "sai haƙuri". Ta rame, fara'arta ta tafi, ko tsokanar Roscoe ba ta mayarwa.

Ana saura mako guda bikin godiya na Nuwamba, wasiƙa ta zo. Roscoe ya shigo da ita ɗakin gaba, inda ƙananan kujeru shida ke jere a jikin bango, ya ɗora tabarau.

"Della, an tantance ki. Sun ce sun duba ko'ina, ba ki taɓa aikata laifi ba. Kina iya ci gaba da karɓar yara daga yau."

"Waɗanne yaran?"

Ya ninke takardar ya ajiye a kan ɗaya daga cikin kujerun.

Ta tashi ta je tagar. Shatin hannuwan ranar Juma'ar nan suna nan, ƙura ta ɗan hau su, na Nyla ne mafi ƙasa, yatsu huɗu da rabin tafi. Odella ta shafi goshinta da babban yatsa, ta danna a gilashin kusa da su, ta sunkuya ta duba ta gefen haske. Mako bakwai hannunta bai taɓa bilic ba. Zanen ya fito raɗau, layi-layi, babu inda ya yanke.

"Tubbs," in ji ta, ba ta juyo ba. "Sun dawo."

Roscoe ya cire tabaraunsa ya riƙe a hannu. Ita kuma ta jawo ƙaramar kujerar Nyla gaban tagar ta zauna, tana kallon titi, ƙarfe biyar saura kwata.